Na Ce Mata Auta Tana Ji

Assalamu alaikum mutanen wannan gurup, da masu karantawa su yi shiru, da masu sharhi tun kafin su kai ƙarshe. Admin, a sakaya sunana. Na san duk wanda ya fito daga wajen Kusada in ya karanta zai ce ai wane ne, to in ka gane ni ka riƙe a cikinka, tsoho ne ke magana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku ɗan hanzarta, don jibi ce ranar kasuwa, kuma ranar ce za a yanke maganar.

Ni manomi ne a Dudunni, shekaruna sun haura saba'in, ban san da nawa ba, lokacin da aka haife ni ba a wannan tambayar. Na yi boko har aji huɗu, sannan mahaifina ya ce ya isa haka, gero ba ya jin Turanci. Amma aji huɗun nan na ci moriyarsa. Shekara da shekaru ni ke karanta wa unguwarmu wasiƙa, ni ke duba takardar asibiti in ce sau uku a rana bayan an ci abinci, kuma galibi hakan ne. Malam Boko suke ce mani, ban taɓa hana su ba. Wannan ma da biro na rubuta a littafin makaranta, mai gyaran waya na Kankia shi ya gaya mani akwai ku, shi ya ɗauki hoto ya tura. In kun ga kuskure, na admin ne da ya kwafa.

Bara bayan kaka, ɗiyata ta ƙarshe da ke aure a Fatakwal, Auta muke ce mata, ta buga mani a ƙaramar wayata mai maɓalli ta ce za ta zo mana da wani abu sabon fitowa, wai shi tabilet. Ta ce faɗinsa kamar ƙaramin allo, ana ganin fuskar mutum ƙuru-ƙuru in ya kira, akwai Alƙur'ani mai manyan baƙaƙe a ciki, har yanayin sama yana faɗi. Ni kuwa ban jira ya iso ba, na kai labari majalisarmu ta ƙofar masallaci. Na ce masu daga bana ba mai sake shuka a banza, allona zai faɗi ranar da ruwa zai sauka, na ce za mu riƙa kallon Ka'aba muna zaune kan tabarma. Wani abokina ya tambaya ko yana iya gano akuyar da ta ɓata, na ce ya danganta da irin wanda aka sayo. Na je wurin tela na sa ya ɗinka mani jaka mai igiya, irin ta Alƙur'ani, ba tare da ni ko shi mun taɓa ganin abin ba. Da ya iso, jakar ta ɗauke shi har da sauran wurin da za a zuba goro.

Jama'a, ina so in yi ƙorafi a nan, in akwai wanda ya san masu ƙera shi ya kai masu. Abu ba mariƙi, ba maɓalli, ba eriya, sai santsi kamar tarwaɗa. In ka fita rana da shi ba abin da za ka gani sai fuskarka, kuma ni na daɗe da sanin yadda take. In ka karkata kaɗan don ka huta, rubutun sai ya karkata shi ma, ka miƙe ya miƙe, kamar yana maka wasa. Aljihun riga ba ya ɗaukarsa. Duk wannan da na haƙura. Babbar matsalar ita ce abin ba ya jin yatsana. In shafa, shiru. In danna, shiru. Na lashi yatsa kamar yadda ake buɗe shafin littafi, Auta ta yi ihu ta ce Baba za ka lalata shi. Ta duba hannuna ta ce kaushi ne, shekara sittin ina riƙon fartanya, fatar ta zama kamar ta ganga. Kwana uku ina shafa man kaɗanya safe da yamma kamar amarya. In ya ga dama sai ya amsa sau ɗaya cikin biyar, shi ma ya buɗe mani abin da ban tambaye shi ba.

Muna cikin wannan kokawa a tsakar gida sai maiɗakina ta taso daga wanke-wanke. Shekararmu arba'in da shida tare, Gwamna nake ce mata, don ba abin da ke wucewa a gidan nan sai ta sa hannu. Ba ta taɓa shiga aji ba ko don fakewa ruwa. Ta goge hannu a zane, ta taɓa gilashin sau ɗaya da ɗan yatsa, abin ya buɗe kamar dama ita yake jira. Ta dube ni ta ce, "Malam, halan bokon bai kai yatsa ba?" Auta ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar allon ya zama nata, ni kuma na zama mai kai shi caji shagon da ke da sola.

Kafin Auta ta koma ta ce a sa mashi makulli don kar jikoki su yi ta wasa da shi. Makullin ɗigo tara ne, sai ka ja layi daga wannan zuwa wancan. Ta ce wa uwarta ta zana abin da ba za ta manta ba, ita kuma ta ce to alamar kwanonta za ta zana. Ku 'yan birni ƙila ba ku sani ba, a wurinmu kowace mace tana da alamar da take yi da fenti a gindin kwanukanta, don in an kai abinci gidan biki ko suna ko rasuwa, kwano ya san hanyar gida. Ta zana, abin ya karɓa. Ni ina gefe ina taunar goro, ban ko leƙa ba, abin mata ne.

Kiran ganin fuskar bai wuce sau uku ko huɗu ba. Netwok a gidanmu sai an je bayan rumbu an ɗaga hannu, in aka samu kuma hancina kaɗai ke cika allon, Auta tana cewa Baba ja baya, in ja baya kira ya yanke. Data ta ƙare, aka sa wata ta ƙare, sai muka koma ƙaramar wayata kamar dauri. Majalisa ta tambaye ni zancen ruwan sama, na ce ana kan gyaran sashen.

Yanzu na zo inda na yi laifin. Wata rana bayan la'asar maiɗakina ta kira ni, lokacin ciwon gwiwa ya zaunar da ita gida, ba ta zuwa ko'ina. Ta nuna mani allon, ga fuskarta a ciki tana motsi, ga wani jan ɗigo a ƙasa. Ta ce, "Malam, in na danna jan nan na yi magana, Auta tana ji na?" Wallahi ban sani ba. Amma shekara arba'in da shida ba ta taɓa tambayata abin boko na ce ban sani ba, kuma ga shi abin nan ya riga ya kunyata ni a gabanta sau ɗaya. Na gyara tabarau, na daɗe ina duban allon, na ce ƙwarai tana ji. Na ce kamar kaset ne da muke ɗauka dauri mu aika wa 'yan ci-rani a Ikko, ki yi maganarki, ya tafi, in ta samu lokaci ta saurara. Har na ƙara da cewa wannan ya fi kaset, ba sai an nemi direba ba. Ta ce to madalla.

Tun daga ranar kullum sai ta yi. In na fita, sai ta ɗaura ɗankwalinta mai kyau, ta jingina allon jikin tulu, ta zauna kan kujera ta yi ta magana. Sau da yawa in na dawo ina jiyo muryarta tun daga zaure, in na yi gyaran murya ta yi shiru ta kife shi. Nakan tsinci kaɗan-kaɗan, wane ya rasu, wance ta haihu, kazar nan ta ƙi kwanci. Nakan ji ta ce Malam sannan ta yi dariya. Sau ɗaya na ji ta ce Malam, ba ta yi dariya ba. Na tsaya a zaure ina gyara igiyar takalmi har ta ci gaba.

Bayan wata guda ta fara cewa Auta ba ta amsa mata. Na ce ai ta zama 'yar birni, sai a hankali. In Auta ta kira a ƙaramar waya, sai in ji tana ce mata ai na gaya miki shekaranjiya, Auta ta ce yaushe, ita kuma ta ce au, ba ki saurara ba ke nan, su ɗan yi cacar baki a rabu ba daɗi. Wata rana Auta ta ce in koma gefe da wayar, ta rage murya ta ce, "Baba, Inna ta fara mantuwa ko?" Na ce tsufa ne, a yi ta addu'a. A lokacin nan zuciyata ta riga ta fara gaya mani akwai abin da bai yi daidai ba. Ina zuwa Kankia duk mako, ina wucewa ta gaban rumfar mai gyaran waya, tambaya ɗaya ce. Ban yi ba. Malam Boko shi ake tambaya.

Farkon damina, mun gama shuka da kwana kaɗan, maiɗakina ta tashi da safe ta ce kanta yana sara. Kafin azahar muna asibiti a Kankia, kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa. A ranar aka kai ta makwancinta. Auta ba ta iso ba sai rana ta uku, hanya ce mai nisa. Ni ban yi kuka ba, mutane suna ta yaba tawakkalina, har liman ya yi misali da ni. Gaskiyar magana ba tawakkali ba ne, ba na jin komi ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Surukata, matar ɗana, ta kawo abinci in ci, in je gona, in dawo, a gaishe ni in amsa, a yi wasa in mayar da wanda ya fi shi. Haka nake har yau, wata huɗu ke nan.

Bayan sadakar arba'in aka raba kayanta, kwanuka suka tafi gidajen 'yan uwanta, ban ko kula ba. Sai daga baya na ɗauki allon na kai wa mai gyara ya buɗe mani, ko Auta ta riƙa ganina. Mutum ne kamili mai iyali, ba irin masu cire maka batir su sa tsoho ba. Ya ce in ba a san zanen ba sai dai filashin, wato a wanke shi tas ya koma kamar ranar da aka sayo, duk abin da ke ciki ya tafi. Na ce ba komi, abin da ke ciki saƙonni ne kuma sun riga sun isa Fatakwal. Ya ce wane irin saƙo, na kwatanta mashi fuskar da jan ɗigon. Sai ya aje abin da ke hannunsa, ya ɗauko wayarsa ya nuna mani, ya ce wannan take dannawa? Na ce shi ne. Ya ce, "Baba, wannan kyamara ce. Ɗauka kawai take yi ta aje a ciki, ba inda yake zuwa sai an tura." Na ce ko sau ɗaya? Ya ce ko sau ɗaya. Ya tambaye ni wa ya gaya mata haka, na ce wani tsoho ne a unguwarmu, jahili ne. Ya ce Allah ya shirye shi, na ce amin. Na karɓi allona na sa a jaka na hau mota.

Kun ga ke nan, maganar wata biyar ko fiye tana nan kwance cikin gilashin, ba wanda ya taɓa jin ta.

Na tambayi Auta zanen a fakaice, ta ce ita dai ta tuna Inna ta ce alamar kwano, amma yadda ta ja shi ba ta riƙe ba, alamar ma ta daɗe ba ta gani ba. Na zauna in tuna da kaina. Shekara arba'in da shida ina cin tuwo a kwanukan nan, safe da dare, ban taɓa juya ɗaya na ga gindinsa ba. Cikinsa kawai na sani. Na bincika gida, ba ko murfi da ya rage. Dole na shirya na tafi Tafashiya wurin ƙanwar maiɗakina, bari in ce mata Ladi, wadda tun tana yarinya muke wasa da ita.

Tana ganina ta ce, "A'a, tsohon ango! In madadi ka zo nema, ni da mijina, kuma ya fi ka haƙora."

Na ce, "Ke ko kyauta aka ba ni sai an haɗa mani da buhun gero. Kwanon yayarki na zo gani."

Ta ce, "Karɓa za ka yi? Rowar taka har bayan rai?"

Na ce ba karɓa ba, gindinsa kawai zan duba. Ta dube ni kamar wanda ya fara taɓuwa, ta shiga ɗaki ta fito da wani kwanon miya da na sani sarai, har lotsawar da ke gefensa. Ta kife shi a tabarma. Ga alamar da koren fenti, rabi ya ɓare, kamar lauje da 'yan layuka biyu a wutsiya. Ladi ta sa yatsa tana bin shi, ta ce alamar uwarsu ce, yayarta ta ƙara layi ɗaya ranar da za a kai ta gidana. Daga nan ba ta sake tsokanata ba, ni ma ban sake ba. Na kwafa a littafi, na sha furar da ta dama, na taho.

Na ɗauka an gama. Na zauna a ɗaki na jawo layin da yatsan nan nawa, yana kaiwa tsakiya ya yanke, allon ya ƙirga mani kuskure. Na sake, haka. Na mayar wa mai gyara da zanen a takarda, ya gwada daga sama, ya gwada daga ƙasa, ya gwada ta hagu. Ashe lauje ɗaya ana iya zana shi kan ɗigo tara ta hanyoyi da yawa, ga kuma wutsiyoyin biyu da ba mu san inda ta sa su ba. Allon ya ce mu jira, muka jira, ya sake cewa mu jira fiye da na farko. Nan mai gyara ya janye hannu, ya ce shi ba zai ƙara ba, wasu in aka matsa masu da kuskure suna wanke kansu da kansu, kuma wannan sabon fitowa ne, bai san halinsa ba. Ya ce ƙila a Kano a samu mai buɗewa ba tare da an goge ba, ƙila sai nan gaba, ƙila kuma ba za a taɓa samu ba, shi ba zai yi mani alkawari ba.

To ga inda maganar ta tsaya. Auta tana da juna biyu, wata takwas, kuma wannan ne na farko da ya zauna bayan biyu da suka zube. Mijinta ya gaya mani likita ya ce jininta yana hawa, a guji tayar mata da hankali. Ita ba ta san akwai komi a cikin allon ba. Abin da take so shi ne a wanke shi a sa mani makullin da yatsana zai iya, ko a bar shi ba makulli, don ranar suna in ga jaririn, ita ma ta ga fuskata, wai ba ta yarda da lafiya lau ɗin da nake ce mata a waya ba. Sau biyu ina kaucewa, na ce ƙafa, na ce girbin gero. Karo na uku ranta ya ɓaci, ta ce gilashi ne kawai, me ke cikinsa da nake riƙo haka, ta ce tun ina yaro ake lallashina ko sai da na tsufa. Ta karɓi lambar mai gyara a wurin yayanta ta kira shi da kanta, suka tsayar da jibi. Shi kuma ya ce mani ba zai yi mata ƙarya ba, amma ba zai riga ni magana ba.

Na je wa liman da zancen a dunƙule, ya ce abin da mamaci ke buƙata addu'a ce. Gaskiya ne, ina yi, amma ba ita na tambaya ba.

Kuma tunda suna a ɓoye yake, bari in faɗi wanda ban gaya wa kowa ba. Akwai wani ɓangare na zuciyata da ke son a wanke shi. In aka wanke, ba wanda zai taɓa sanin ni na ce mata yana zuwa, ba wanda zai san Inna ba ta yi mantuwa ba, kuma ba zan taɓa jin abin da ta faɗa ranar da ta ambaci sunana ba ta yi dariya ba. Maganar ma ba tawa ba ce, tsakanin uwa da ɗiya ce. Ni dai na tare ta a hanya.

Jiya bayan la'asar Auta ta kira, ba faɗa wannan karon, muryarta a sanyaye. Ta ce ƙafafunta sun kumbura, ta ce maƙwabtanta kowa da abin da yake gaya mata ta sha, ba ta san na wa za ta ɗauka ba. Sannan ta ce, "Baba, ka san abin da ya fi ci mani rai? Inna ta san da cikin nan tun yana ƙarami, amma ta tafi ba ta bar mani ko kalma ɗaya ba." Allon yana kan cinyata lokacin. Na ce Allah ya ji ƙanta. Ta ce amin, ka dai je ranar kasuwa.

Jama'a, ku da kuka wuce aji huɗu, me zan yi? In na gaya mata yanzu, ina tsoron jininta da abin da ke cikinta, ga shi ƙila har abada ba za a buɗe ba, na ɗora mata baƙin cikin da ba shi da magani. In na ɓoye allon na ce ya faɗi ya fashe har ta sauka lafiya, ƙarya ta biyu ke nan a kan ta farko, kuma kun ga inda ta farkon ta kai mu. In kuma akwai wanda ya tabbata, ba irin tabbatar da nake yi ba, cewa ana buɗe irin wannan ba a goge ba, ya rubuta a ƙasa, mai gyara zai karanta mani. Zagi ma ku yi, na cancanta, amma ku haɗa da shawara. In kira ta gobe in faɗa mata uwarta ta bar mata magana, ko in hau mota jibi?